Garin soya ko hodar amino asid ga tsohuwar goɗiya mai ciki?

Malam, tsakanin garin waken soya da hodar amino asid (sinadaran da ke haɗuwa su zama furotin) da aka tallata maka don tsohuwar goɗiyarka mai ciki, ka ɗauki soya. Duka biyun sun shigo bargata, ɗaya ne kawai ya zauna.

Ina da wata bidi da ta haura shekara 18. A cikinta na baya, da ta shiga wata na takwas, tumbi sai girma yake amma gadon bayanta ya zube, kuturi ya faɗa, in ka shafa sai ka ji ƙashi. Ba wai ba ta ci ba ne, komi tas take lashewa. Likitan dabbobi ya ce ɗan cikin ne yake cin namanta, domin wajen kashi biyu bisa uku na girman dukushi a watanni uku na ƙarshe yake yinsa, kuma idan abinci bai kawo furotin ba daga tsokar uwa ake cira. Muka fara zuba mata garin soya ɗan cikin hannu a kan hatsinta, muna ƙarawa a hankali har ya kai rabin kilo a rana, rabi da safe rabi da yamma. Kafin ta haihu baya ya ciko, gashi ya kwanta yana sheƙi, hantsa ta cika. Da dukushin ya miƙe ya kama nono, har ɗiga yake ta gefen bakinsa.

Ga lissafin abin. A cikin amino asid, laisin ne ke fara yankewa a abincin doki, kuma in ya yanke sauran ba sa ginuwa su zama tsoka, kamar a tara bulo babu siminti. A ƙididdigar hukumar NRC ta Amurka ta 2007, goɗiya mai kilo 500 marar ciki na buƙatar laisin giram 27 a rana, a wata na 11 na ciki kuma giram 38, a watan farko na shayarwa wajen giram 85. Furotin gaba ɗaya yana tashi daga giram 630 zuwa kusan 900, sannan ya haura 1,500. Rabin kilo na garin soya yana ba da laisin wajen giram 14 da furotin sama da giram 200, ka ga ya toshe giɓin laisin na ƙarshen ciki, ya kuma cike yawancin na furotin. Cokalin hoda ba zai taɓa kawo wannan tulin furotin ba.

Hodar kuwa, gwangwanin da na saya rabinsa na nan ya dunƙule, goɗiyar ma shaƙa take ta kau da kai. Amfaninta ɗaya da na yarda da shi: idan goɗiya ta yi ƙiba, ba ka son ƙara mata abinci, sai ka nemi zallar laisin mai rubutun L-lysine HCl, wanda kusan kashi 78 cikin ɗari nasa laisin ne, ka auna da sikeli.

Na san da ajinin, wani amino asid ɗin, masu tallan hoda za su ja ka, su ce yana ƙara gudun jini zuwa mahaifa, ga shi tsofaffin goɗiyoyi jijiyoyin mahaifarsu sun gaji. Akwai ƙamshin gaskiya. Masu bincike a Jami'ar Florida sun gwada a 2011, jini ya ƙaru, amma giram 100 suke bai wa kowace goɗiya kullum a makonnin ƙarshe, kuma goɗiyoyin sun riga sauran haihuwa. Duba giram nawa ne a cokalin gwangwaninka. Bayan haka, ajinin da laisin hanya ɗaya suke bi daga hanji zuwa jini, yawan wannan na iya tauye wancan. Wannan aikin likita ne, kada ka yi shi da ka.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa: ka yi hattara da 'yan algus. Gwajin furotin na yau da kullum naitirojin yake aunawa, shi ya sa marasa tsoron Allah ke gauraya yuriya a gari don lamba ta hau. Saniya kan tsinci abin kirki a cikin yuriya saboda irin tumbinta, doki kusan babu, kuma yawanta guba ne. Duk gwangwanin da aka rubuta "amino asid" kawai, babu suna babu giram, ajiye musu kayansu. Kada ka yarda a ce maka abincin shanu ko na kaji ma zai yi. Wasu na ɗauke da maganin monensin, kaɗan daga cikinsa ke lalata zuciyar doki. Garin ma sai wanda aka matse wa mai aka gasa, domin ɗanyen waken soya na da sinadarin da ke hana narkar da furotin.

Kafin buhun ya iso, a buɗe bakinta a duba turamenta, a kuma tambayi likita maganin tsutsar da ya dace da mai ciki. Tsohuwar da ke tauna tana zubar da curin ciyawa, a jiƙa mata garin da ruwa. In ta haihu kada ka janye, a lokacin ne ma za ka ƙara.