Sabuwar babbar mota daga Legas zuwa Kaduna: a tuƙo ta ko a ɗauko ta?

Mai kuɗi ya sayi sabon kan tirela, Howo ko MAN, an fito da shi daga tashar Apapa. Saura ya iso Kaduna, tafiyar fiye da kilomita 700. Ko direba ya tuƙo shi, ko a ɗora shi kan wata tirela mai shimfiɗaɗɗen baya.

Tuƙowa ta fi araha: dizal, kuɗin direba da yaron mota, shi ke nan. Amma kan da ba ya jan kaya tsalle yake yi a ramuka, birkinsa ma ba ya kama ƙasa sosai, balle da damina. Sabon inji kuwa lallami yake so, ba gudu ba. Direban da aka biya jimla sauri yake ya koma, ko ta Jebba da Mokwa ya biyo, ko ta Lakwaja da Abuja. Motar takan iso unguwar Mando a Kaduna da tsagaggen gilashi, tayoyi sun ci hanya.

Ɗaukowa ta fi tsada, ba shakka. Sai dai motar na isowa kamar amarya, kujeru cikin leda, mitar ƙirga kilomita ba ta motsa ba. Abin lura shi ne tsayin lodin a ƙarƙashin gadoji, da sarƙoƙin ɗauri da ake sake tamkewa a kowane zango.

Ni dai, in kan tirela biyu ne ko fiye, ɗaukowa zan zaɓa. In ɗaya ne, a tura amintaccen direban gida, wanda motar za ta zauna a hannunsa, kuma a yi inshora kafin ta bar Legas.