Wata uku da TP-Link RE305 a gidanmu na Sabon Gari

Tun da aka zuba dal, wato rufin kankare, aka ɗora ɗakuna biyu a saman gidanmu da ke Sabon Garin Damagaram, rigimar rezo ba ta ƙare ba. Akwatin wifi ɗin, irin mai cin sim na 4G, yana falon ƙasa bayan talabijin. A ƙasa komai lafiya lau. Da ka hau sama sai sanda ɗaya, wani lokaci ma babu. Ƙanena da ke karatu a Jami'ar André Salifou ɗakinsa na sama ne, kullum bayan isha'i za ka tarar da shi zaune a tsakiyar matakala da kwamfuta a cinya, sauro na shagali da ƙafafunsa.

Da fari na ɗora wa layin laifi, har na canza sim. Ashe dal ɗin ne. Katangar ƙasa mai kauri irin ta gidajen Birni ma tana rage wifi, balle kankare da aka saƙa wa rodi kamar tabarma. Ga shi kuma eriyar akwatin in tana tsaye, gefe da gefe take watsawa, kaɗan ne ke tashi sama.

Wani aboki mai zuwa Kano saro kaya na ba sautu, ya kawo mini TP-Link RE305, ƙaramar na'urar ƙara nisan wifi, fara mai eriya biyu da ake cusawa a priz. Abin da ban yi tunani ba, kanta mai ƙafa uku ne irin na Najeriya, mu kuma namu mai rami biyu ne zagayayyu, sai da na nemo adafta. Duk mai saye ya duba wannan tun a shago. Haɗa ta kuwa ba wuya: ka danna maɓallin da aka rubuta WPS a akwatin, ka danna nata, ka ɗan jira.

Kuskurena na farko, kai tsaye ɗakin yaron na kai ta, tunda can ne matsalar. Salula ta nuna sanduna cike, muka yi murna. Aka buɗe WhatsApp, hoto ɗaya ya yi ta juyi har shayi ya huce. Fitilar jikin na'urar kuma ja wur, ni ban ma san tana nufin wani abu ba. Ƙanen nawa ne ya duba takardar ya ce, "Yaya, ja fa yana nufin ta yi nisa da akwatin." Aikinta irin na mai isar da kabbara ga sahun baya ne ranar idi. In ya tsaya inda shi kansa ba ya jin liman, ƙarfin muryarsa ba ya amfanar kowa. Sandunan nan ƙarfin muryarta kawai suke nunawa.

Muka maido ta priz ɗin kan matakala, inda babu dal tsakaninta da ƙasa, muka fito da akwatin daga bayan talabijin zuwa kusa da ƙofar falo, aka kwantar da eriya ɗaya. Fitila ta koma shuɗiya. Nan take sama ta samu. Na'urar tana da zango biyu: 2.4 GHz da ya fi ratsa bango, da 5 GHz da ya fi gudu amma ba ya nisa. Ɗakin da ke kallon matakala yana morar na biyun, na ƙurya kuwa sai na farkon. Kira na bidiyo yana tafiya, sai dai da dare in kowa ya hau, yakan ɗan sare, don tana karɓa tana miƙawa ne duk ta iska.

Abin da ya kashe maganar gaba ɗaya waya ce. A jikin na'urar akwai rami ɗaya na wayar intanet. Na sayi wayar intanet irin Cat6 mita 25, mai gyaran wuta ya bi da ita gefen matakala da 'yan ƙusoshi, aka mayar da na'urar tana karɓa ta waya tana rabawa a sama. Irin wannan waya tana kai mita 100 ba ta gaza ba. Ramin iyakarsa megabit 100 ne, amma rezon da muke samu a unguwarmu bai taɓa kusantar haka ba, don haka ban damu ba. Da na sani, da tun lokacin gini na sa an binne tiyo a bango, da yanzu Hajiya ba ta yi mini mitar an ɓata mata fenti ba.

Na gamsu da ita, kuma zan ce wa mai gidan sama ya saya, muddin zai haɗa da waya. Ta iska kaɗai rabin aiki ne. Kuma ba ta ƙara wa layi gudu, abin da ya shigo gidan shi take rabawa.

Saura matsala ɗaya. Akwatin ƙasa yana kan batirin sola, ita kuwa priz ɗinta na kuran ne, ba ta da batir. Da an ɗauke wuta sai ka ji takun yaron yana saukowa da kwamfutarsa zuwa tsohon mazauninsa. Na yi wa mai gyaran wuta magana ya ja mata layin sola kafin zafin Afrilu, ya ce Asabar yana tafe. Asabar ta uku ke nan.