Yadda ake horon ɗalibi a Ingila ba tare da bulala ba

'Yan'uwa malamai na gida, kun sha tambayar yadda ake riƙe aji a nan Ingila tunda babu bulala. Tun 1987 doka ta hana dukan ɗalibi a makarantun gwamnati, na kuɗi kuma tun 1999. Ba tsallen kwaɗo, ba durƙuso a rana. Amma horo na nan: gargaɗi, tsare yaro bayan an tashi, sai dakatarwa, wadda hedimasta kaɗai ke da ikonta, kuma jimillarta ba ta wuce kwana 45 a shekarar karatu.

Abin da ya fi kama mini hankali shi ne zaman sulhu. A ce yara biyu sun yi faɗa. Ba a haɗa su nan take, sai zuciya ta huce, an ji ta bakin kowa shi kaɗai. Sannan a jera kujeru zagaye, ba tebur a tsakani, malami ya fara tambaya: Me ya faru? Me ke ranka a lokacin? Wa abin ya shafa? Me za ka yi ka gyara? Ku lura, ana kauce wa "don me ka yi?", domin ita ke sa yaro kame-kame da kare kai. Wanda aka cuta ya faɗi buƙatarsa, a biya shi littafin da aka yaga masa, ko a daina kiransa da sunan tsokana. A rubuta alkawari, su sa hannu, bayan mako ɗaya ko biyu a bibiya.

Abin yakan lalace idan aka tilasta wa wanda aka zalunta zama gaban mai cin zalinsa, alhali tsoro bai sake shi ba. Haka in aka karɓi "yi haƙuri" ta fatar baki aka watse babu bibiya. Yara suna da wayo, nan da nan su gane ba abin da zai biyo baya.

Sulhu ba baƙonmu ba ne, ko a ƙofar mai unguwa ana yin sa. Inda makarantun Ingila suka fi mu shi ne lokaci da ƙarancin yara a aji, don doka ta hana ajin 'yan shekara 5 zuwa 7 wuce yara 30 ga malami ɗaya, sai da wani dalili na musamman. Mai fama da cunkoson aji a gida ya fara da faɗa ɗaya a rana, minti goma bayan tashi, a ƙarƙashin bishiya nesa da idon sauran yara.