Dunƙulallen birni da mai yaɗo: wa tafiyar aiki ke yi wa sauƙi?

Malam, ka tambaya ko tsuke birni wuri guda yana rage wa kowa nisan zuwa aiki, ko masu hali kaɗai ke amfana. Yana ragewa, amma ba daidai wa daida ba.

Ɗauki Atlanta ta Amurka da Basalona ta Sifen. A kwatancen da masanin tsara birane Alain Bertaud ya yi da alƙaluman 1990, jama'arsu kusan ɗaya ce: miliyan 2.5 da miliyan 2.8. Amma gine-ginen Atlanta sun mamaye fiye da murabba'in kilomita 4,000, na Basalona kuwa 162 kacal. A birni mai yaɗo irin Atlanta, mai mota bai damu ba. Shi ya zaɓi nisan don ya samu faffaɗan gida, ya hau babbar hanya ya wuce. Wanda ba shi da mota shi ke shan wuya, domin bas ba ta iya zagaye gidajen da suka warwatsu haka. Aikin ma yana iya kasancewa inda bas ba ta zuwa sam.

A dunƙulallen birni, gidaje da wuraren aiki suna kusa, jirgin ƙasa da bas suna samun fasinja, ƙafa da keke ma sun isa. Nan talaka ya fi kowa cin riba, in har yana zaune a ciki. To, a nan gizo ke saƙar. Da zarar unguwa ta yi daɗin zama, haya sai ta tashi. Mai albashi mai tsoka ya dawo tsakiya yana takawa zuwa ofis, mai shara da mai gadin ofishin kuma a tura su bayan gari. A Landan, an taƙaita gini sosai a zoben filin da ya kewaye ta, kuma da yawan ma'aikatanta daga bayan zoben suke shigowa kullum.

Ni dai abin da nake fara dubawa shi ne wa ya mallaki gidajen da ke kusa da aiki. A Singafo kusan kashi 80 cikin ɗari na mazauna suna cikin gidajen da hukuma ta gina, an kuma haɗa unguwannin da layin dogo. Biyana ta Ostiriya ma tun shekarun 1920 take gina gidajen haya masu rangwame a cikin gari.

Kuma kada a auna da kilomita kaɗai. Kilomita 10 a mota daban, kilomita 10 da sauya bas biyu da jira a tasha daban.