Direba, kafin ka sayi tabarau a Kumasi

Shekara 11 ina jan mota tsakanin Kumasi da Tamale, kuma abin da ya fi gajiyar da idona shi ne ƙyallin kwalta bayan ruwa ya ɗauke, musamman wajen Techiman da hantsi.

Tabarau iri uku za ka tarar a kasuwannin Kumasi, daga Adum zuwa Kejetia. Baƙi zalla, kwalliya ce. Mai sauya launi a rana ba ya yin duhu sosai cikin mota, domin gilashin gaba ya riga ya tare hasken UV, wani hasken rana da ido ba ya gani, wanda ke motsa shi. Nawa shi ne wanda aka rubuta wa Polarized.

Hasken da ya bugi ruwa ko kwalta yakan taso a kwance. Wannan tabarau yana da shimfiɗa siririya da ke tare na kwance ta bar na tsaye, fasahar da Edwin Land na Amurka ya nemi rajistarta a 1929. Ranar da na fara sa shi, sai ga ramuka ƙarƙashin ruwa tangaran, ciwon kan yamma kuma ya ragu.  

Amma 'yan'uwa, jabu ya cika gari. Wani mai tebur ya taɓa sayar mini da mai takardar Polarized a manne, yana rantse-rantse. Baƙar roba ce kawai. Wata biyu idona ja wur, yana ruwa. Haɗarin kuwa babba ne: duhu yana sa ƙwayar ido ta buɗe, in babu kariya UV ya ƙara samun ƙofa, shi kuma yana cikin abubuwan da ke jawo yanar ido. Tace ƙyalli daban, tare UV daban, don haka nemi mai alamar UV400, wato mai tare UV, ka sa likitan ido ya auna a na'ura. Kada suna babba a jikin ƙarfe ya ruɗe ka.

Gwajin kasuwa: haɗa biyu gaba da gaba, ka juya ɗaya ya gicciye. Na gaske zai yi duhu ƙirin. Mai kayan da ya hana ka gwadawa, ajiye masa abinsa.

Da magariba ta yi kuma, cire shi ka sa a aljihu.