Dive da sink: duka nutsewa ne, amma ba ɗaya ba

Wata 'yar'uwa a zauren nan ta tambaya: tunda kalmomin Turanci "dive" da "sink" duk da nutsewa ake fassara su, mene ne bambancinsu, kuma me ya kawo su cikin zancen da babu ruwa ko ɗigo?

Malama, niyya ce ta raba su. Mai "dive" da gangan ya faɗa ruwa, kai a gaba, yana kuma sa ran ɓullowa, irin nutson da masunta ke yi a kogin Matan Fada na Argungu. "Sink" kuwa nauyi ne ke jan abu ƙasa ba da son ransa ba, kamar dutse, ko jirgin Titanic a 1912.

Wannan bambancin yana bin su har cikin ma'anar aro. "She dived into the work" na nufin ta tsunduma cikin aikin gadan-gadan. A ƙwallon ƙafa, "dive" ita ce faɗuwar ƙarya da ɗan wasa ke yi don neman fenariti, wadda hukuncinta katin gargaɗi ne. A zancen kasuwa kuwa niyyar kan ɓace, saurin kaɗai ya rage: "prices dived", farashi ya faɗi warwas.

"Sink" ya fi yalwa, kuma a ganina ya fi kusa da bakin Bahaushe. "My heart sank" daidai yake da gabana ya faɗi. "He sank money into the farm", ya narka kuɗi a gonar. "It hasn't sunk in" ana faɗarsa ga wanda aka yi wa rasuwa, ana ta gaisuwa, shi kuwa har yanzu abin bai zauna masa a zuciya ba. Haƙa rijiya ma "sink a well" ne.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne mutuwa a ruwa. Wanda ruwa ya ci, "drowned" ake cewa. Jirgi ba ya numfashi, don haka "the boat drowned" kuskure ne, "sank" ya dace.

A kula da shuɗaɗɗen lokaci: sink, sank, sunk. Na "dive" kuwa "dived" ne a Ingila, Amurkawa kan ce "dove". Mai rubuta jarrabawar WAEC ya riƙe "dived".