Inda muke kai yara ranar Asabar a Landan

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya maigidan, ya yara, ya kuma jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan ƙalau muke, sai sanyi da ya fara kunno kai. Kin tambaye ni a waya ina muke kai yara Asabar da Lahadi har kike ganin hotunansu yau nan gobe can, kuma nawa fitar take ci. Maganar ta fi ƙarfin katin waya, shi ya sa na zauna na rubuto miki.

Zan fara da abin da ya fi burge ni. Manyan gidajen tarihin gwamnati a nan kyauta ake shiga, tun ƙarshen shekarar 2001 aka janye kuɗin ƙofa. Akwai akwatin gudummawa a bakin shiga, wanda ya ga dama ya jefa, wanda bai jefa ba babu mai kallonsa. A unguwar South Kensington akwai gidan tarihin halittu da na kimiyya, suna maƙwabtaka da juna. Kina shiga na halittu za ki ga ƙasusuwan wani ƙaton kifin teku a rataye a sama, tsawonsa ya kai mita 25, ya fi tirela. Yara suna wuni a ciki ba su ce sun gaji ba. Akwai kuma British Museum da aka buɗe wa jama'a tun 1759. A can na ga kayan tagullar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, an jera su a bango an haska musu fitila. Na daɗe a tsaye a gabansu raina babu daɗi, domin kayan ƙasarmu ne, kuma yaran da ke gida ba za su gan su ba sai an ba su biza. Duk da haka na lura da yadda ake kula da su. Kowane abu da rubutu a gefensa: daga ina ya fito, a wane zamani, me ake yi da shi. Ko ba ki da ɗan jagora, za ki fito kin ƙaru.

Sai abin hawa, wanda shi ne ginshiƙin fitar gaba ɗaya. Kuɗin bas ɗaya ne duk nisan da za ki je (a 2025 fam 1.75 ne), kuma in kin sauka kin hau wata a cikin awa ɗaya ba a sake cirar miki kuɗi. Ba a karɓar tsabar kuɗi a bas tun 2014, kati ake dangwalawa. Yaro ɗan ƙasa da shekara 11 ba ya biya, haka ma a jirgin ƙarƙashin ƙasa matuƙar yana tare da babba. A tashoshi da yawa akwai allo mai nuna minti nawa ya rage motar ta iso. Ki tuna yadda muke yi da mai adaidaita sahu in muka ce ya kai mu ya jira ya dawo da mu: sai an yi ciniki, an ja, ya kawo tsadar mai, mu kawo yawan yara. Ba laifinsa ba ne, shi ma nema yake. Amma a nan tun kafin mu fita na san abin da zan kashe a hanya, kuma wannan sanin shi ke sa uwa ta yi ƙarfin halin fita da yara ita kaɗai.

Filayen shaƙatawa su ma kyauta ne. Hyde Park a tsakiyar gari yake, da tafki a ciki, ana hayar ƙaramin kwale-kwale ga mai so. Richmond Park kuwa daji ne sosai, barewa ɗaruruwa suna yawo a sake, an dai gargaɗi mutane kada su matsa kusa da su. A Greenwich akwai tudu, a kansa layin da ake auna agogon duniya da shi ya ratsa, kuma ana iya zuwa ta jirgin ruwa a kan kogin Thames. Nakan dafa dafa-duka in soya kaza, in haɗa zoɓo a gora, mu ɗauki abin shimfiɗa. Abin da ke sa zaman ya yi daɗi ƙananan abubuwa ne: benci a ƙarƙashin bishiya, kwandon shara kusa da ke, lilo da aka kewaye da shinge don kada yaro ya fita titi, banɗaki mai tsafta da wurin canza wa jariri kunzugu. Wani banɗakin akan biya 'yan kwabbai, amma akwai shi, kuma a buɗe yake.

Kada ki ɗauka komai araha ne. Duk inda ba na gwamnati ba, aljihu yana jin jiki. Gidan namun dajin Landan babba ɗaya wajen fam 30 ne, ki lissafa mu biyu da yara, kuɗin cefanen mako ya tafi. Abincin cikin irin waɗannan wurare tsada ne ga rashin ɗanɗano, burodi mai sanyi da ɗan cuku a tsakiya sai a ce fam 5 ko fiye. Jirgin ƙasa zuwa wajen gari ma haka. Brighton da ke bakin teku tafiyar kamar awa ɗaya ce, amma in ba ki sayi tikiti da wuri ba sai ki yi da-na-sani. Muna da katin rangwame na iyali da ke rage wa babba kashi ɗaya cikin uku, yaro kuma kashi 60 cikin ɗari, shi ke taimakonmu. Bakin tekun can ba rairayi ba ne, tsakuwa ce, ruwan kuma sanyi ƙarara ko da bazararsu. A ƙarshen mako ne kuma suke gyaran layin dogo, sai ki je tasha a ce bas za ku hau. Ranar Lahadi manyan kantuna awa 6 kawai doka ta yarda su buɗe. Ga yanayi: a Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, a Yuni kuwa har bayan 9 na dare da haske, ruwa kuma ba ya sallama kafin ya sauko.

Akwai abubuwan da Kano ta fi su nesa ba kusa ba, kuma sai da na zo nan na san darajarsu. Na farko salla. A gida duk inda azahar ta riske ki akwai masallaci, ko ki yi sallama a gidan da ke kusa a ba ki buta da darduma har da ruwan sha. A nan sai na tsara fitar da lokacin salla. In muna kusa da Regent's Park sai mu shiga babban masallacin da ke gefensa, in ba haka ba in nemi lungu a bayan bishiya in shimfiɗa sallaya. Banɗakinsu babu buta, kullum da gorar ruwa a jakata. Na biyu abinci. Sai kin duba shago ko akwai alamar halal, alhali ke da yamma kina fitowa ga mai tsire, ga mai gurasa bandashe, ga mai awara, ga fura da nono mai sanyi, babu tambayar yanka. Ana samun tsire a Peckham inda 'yan Najeriya suka yi yawa, amma yajin bai kama ƙafar namu ba. Na uku, wanda ya fi damuna, mutane. Asabar ɗinmu ta gida ta biki ce da suna da dubiya da gaishe da Gwaggo. A nan ba a zuwa gidan mutum sai an sa rana tun mako guda kafin nan. Rabin wannan yawon da kike gani a hoto, rashin gidan dangin da za mu je ne ya haife shi.

Yanzu ga abin da nake so in roƙe ki. Duk sanda na tsaya a gaban wani abu da suke alfahari da shi, sai in tuna namu da muke wucewa kullum ba ma ɗaga kai. Ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, a ƙarni na 12. Gidan Makama, Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa duk suna komawa ga zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Karofin Ƙofar Mata har yau ana rini da baba da toka a cikinsa, masu sana'ar suna zaune a bakin rami, za su amsa wa yaro duk tambayar da ya yi. Wannan ya fi kayan da aka kulle a gilashi, domin sana'ar da ranta. Hawan Sallar Kano ma UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2024. Na tambayi kaina ko yaranki sun taɓa hawa Dala, sai na ga da wuya, don mu ma da muka tashi a cikin gari ba a kai mu ba.

Na san akwai Islamiyya Asabar da Lahadi da safe, kuma na san zafin rana. Ki zaɓi lokacin hunturu, ko ranar da aka ba su hutu. Ku fara da Gidan Makama da hantsi, daga nan ku gangara Ƙofar Mata, a saya wa kowa ɗan ƙyallen rini ya riƙe. Bayan la'asar in rana ta yi sanyi ku hau Dala, ki nuna musu Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallaci, ki ba su labarin Barbushe. Wata rana ku je Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Gidan Zoo kuma ai sun sani, na Audu Bako. In maigidan ya samu sarari da mota, ku yi sammako zuwa Tiga, madatsar ruwan da aka kammala a 1974, ku ci kifi a can. Sai dai ki riƙe ƙananan da kyau a bakin ruwa, don Allah, kada ki bari su shiga.

Abin da wuraren namu da yawa suka rasa shi ne hidimar da na lissafa miki: wurin zama, inuwa, banɗakin mata, allon bayani da Hausa, farashi a rubuce a ƙofa, da tabbacin cewa ranar da aka ce ana buɗewa za a tarar a buɗe. Babu ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin Kano, garin da ke da Kwari da Singa da Dawanau. Kafin a samu, ki tafi da tabarmarki da ruwanki da butarki, ki sa a tambayo miki lokacin buɗewa tun ana gobe za ku je.

In kun je Ƙofar Mata ki saya min zane biyu masu duhun shuɗi, zan turo kuɗin tare da na maganin Hajiya ƙarshen wata. Akwai mai zuwa nan bayan Salla, sai ki haɗa masa da kilishi da yajin ƙuli. Ki gaishe min da Baffa da Gwaggo da duk mutanen gida.

Ƙanwarki.